Babu Oga a Nan

A wurin aiki kowa Oga yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Mutum ne mai ƙaramin jiki da babbar murya, irin wadda in ya ce "kai!" a harabar ofishin agajin gaggawa, direban da ke gyangyaɗi a can ƙarshen layin motoci sai ya zabura yana laluben makulli. Ba ya ɗaukar wargi, ba ya maimaita magana. Yana kuma da wata doka da ya cusa wa yaransa har suka haddace ta, suna kwaikwayon muryarsa da ita in ya ba da baya: a wurin haɗari, wanda farar hular kwano ke kansa shi kaɗai ke ba da umarni. "Ko ubanka ne ya zo babu farar hula," in ji shi, "ka gaishe shi da ladabi, ka wuce ka yi abin da hula ta ce."

Mutum ɗaya ce a duniya ba ta san da wani Oga ba. Yayarsa ce, tela, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ita Auta take ce masa a gaban kowa, ko da kaki a jikinsa. Kakin farko ma da aka ba shi ita ta rage masa, don mafi ƙanƙantar da aka samu a sito sai da ya haɗiye shi har yatsu. Har yau in ya yi mata musu takan kai hannu kunnensa, shi kuma, da furfurarsa da komai, yakan sunkuyar mata da kai ta ja.

Ranar da abin ya faru, rana ta ɗan gota tsaka. Aka kira cewa wani bene ya rufta a layin shaguna, mai hawa uku da ake ɗora wa na huɗu. Da ya ji layin da aka ambata gabansa ya faɗi, amma ya ce wa ransa ai layin dogo ne, benaye a cikinsa ba iyaka. A mota ya kira wayar Yaya, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Wannan ma ba sabon abu ba ne, in tana taka keke ko a kunnenta wayar take ba ta ji. Sai da suka karya kwana ya hango allon shagonta, mai hoton keken ɗinki da almakashi, kwance a cikin kwata.

Benen ya zauna a kan kansa. Rufin kankare ya kwanta ɗaya bisa ɗaya, rodi ya leƙo ta ko'ina, ƙura ba ta gama sauka ba. Bango ɗaya ne ya rage a tsaye, na gefen hagu, tun daga ƙasa har sama, da tagoginsa, har da wani shuɗin labule yana kaɗawa a hawa na uku. Shagon Yaya a ƙasa yake, daidai gindin bangon nan.

Bai gaya wa kowa shagon yayarsa ne ba. Ya ɗora farar hula ya diro, bakinsa ya kama aiki tun kafin hankalinsa ya dawo jikinsa. Ya sa 'yan sanda suka ja igiya suka mayar da jama'a baya, har da masu zuciyar taimako da suka haye kan ɓaraguzai suna tono da hannu, waɗanda nauyinsu kaɗai ya isa ya ƙarasa wanda ke ƙasa. Ya kafa teburin umarni a bayan babbar mota. Masu tono ya damƙa su a hannun Ƙato, wani narkeken mutum mai ƙarfin doki da zuciyar jariri, wanda in an yi masa faɗa sai idonsa ya kawo ruwa. Masu tokara da katako ya ba Kafinta. Likita da mutanensa ya ajiye su a inuwar wani kanti, inda motar asibiti za ta shiga ta fita ba sai ta juya ba. Kowane ma'aikaci da shugabansa zai yi magana, shugaban ne kaɗai zai taɓa rediyon magana na hannu, wato oba-oba, oba-oba kuma wuri ɗaya take zuwa, wurin farar hula.

Sai Mai Usur. Shi dattijo ne, ba ya tono ba ya ɗauka. Aikinsa ya sami kujera ya zauna ya zuba wa abin da zai iya faɗowa ido, ko duniya ce ke tashi a bayansa ba ya waiwaye. Ya je ya ja layi da alli a kan tsagar da ke jikin bangon nan, ya dawo ya zauna da madubin hangen nesa. In ya busa dogo sau ɗaya, kowa ya yi tsit a saurara. In ya busa gajere sau uku, kowa ya yar da abin da ke hannunsa ya fito. Wannan busar ko farar hula ba ta isa ta soke ta ba.

Ana cikin haka wata murya ta keto daga bayan igiya.

"Auta! Auta, tana ciki! Yayarka tana ciki!"

Mijin Yaya ne, tsohon direba, ƙafa ba takalmi, ɗan sanda ya rirriƙe shi yana fizgewa. Babu wanda bai ji ba. Masu ɗaukar katako suka dubi juna, suka dubi wanda ake kira Auta, suka yi saurin kawar da kai.

Mataimakiyarsa ce ta tako ta zo. Ruwan Sanyi ake ce mata. Oga ne ya raɗa mata sunan, ba kuma yabo yake nufi ba, don ko gini na ci da wuta a gabanta sai ta gama tunaninta take buɗe baki. Shi ya koya mata aikin tun daga naɗe igiya, ya kuma yi mata faɗan da ya isa ya kori ƙarti daga aiki, ita ko gezau.

"Oga, wa ke ciki?"

"Je ki duba min masu tokara."

"Oga."

Ya dube ta. "Yayata ce."

"Allah ya fito mana da ita lafiya," ta ce. Sannan ta miƙo hannu biyu, ta tsaya.

Ya san abin da take jira. Wanda nasa ke ƙarƙashin gini ba ya riƙe hula, ba ya riƙe shebur, bayan igiya yake komawa. Shi da bakinsa ya kafa wannan, ya kuma sha korar ma'aikata da ita ba tare da ya ko dubi fuskarsu ba. Ya so ya ce mata shi daban ne, shi hankalinsa na jikinsa, ba ta ga yadda ya tsara wurin ba? Amma da ya kai hannu zai ɓalle igiyar haɓa sai yatsunsa suka kasa kama maɓallin. Ita ta ɓalle masa.

Ta ɗora hular a kan ɗankwalinta, ta ja igiyar ta matse, ta ɗaga oba-oba. "Kowa ya saurara. Farar hula ta dawo kaina. Oga ya koma bayan igiya. Shugabanni, ku amsa." Kafinta ya amsa, Likita ya amsa, Mai Usur ya ɗaga hannu bai juyo ba. Ƙato ne ya ɗan jinkirta kafin ya ce ya ji. Abu ɗaya ta manta, ko kuma kunya ce ta hana ta: ba ta karɓi oba-obar da ke aljihunsa ba. Shi ma bai tuna mata ba.

Bai taɓa tsayawa a wannan gefen igiyar ba. Daga nan, ashe, aikin ceto ba ya kama da aiki. Mutane ne kawai ke tafiya a hankali da bokiti, wani na auna katako, wani na tsaye ya riƙe ƙugu yana kallon ƙasa. Katafila na gefe a kashe, jama'a na ta zagi wai ado aka kawo ta yi. Ya san sarai in ta sa haƙori a tarin nan za ta murƙushe duk mai sauran numfashi, ya sha yi wa 'yan jarida wannan bayanin har da nuni da hannu. Duk da haka sai ya kama kansa yana hararar direbanta.

"Wai ba kai ne babbansu ba?" in ji mijin Yaya. Shekara da shekaru su biyun ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, wannan ya ce wa wancan guntun soja, wancan ya ce wa wannan mijin tela, amma yau babu wasa a idonsa. "Ka bar wa yarinya hula, kai kana nan kana kallo kamar mu?"

"Haka aikin yake."

"Aikin banza ke nan! Matar da ta goya ka?"

Oga ya mayar da idonsa kan ɓaraguzan. Ransa ya ɓaci, kuma bai san da wa zai yi faɗan ba.

Ruwan Sanyi ta ɗaga hannu, Mai Usur ya busa dogo. Aka kashe janareto, aka kashe motoci, 'yan sanda suka yi ta fama da bakin jama'a har layin ya yi tsit, sai kukan wani jariri can nesa. Ƙato ya kwanta rub da ciki a kan kankare, ya kara kunne a jikin wani bututun ruwa da ya leƙo. Oga ya kasa kunne. Sai ga shi, siriri, ƙarfe a kan ƙarfe: ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya ɗauke, ya sake dawowa.

"Almakashinta ne," in ji mijin Yaya, ya durƙushe a wurin. "Wallahi almakashinta ne. Haka take buga tebur in tana kirana."

Ta sama babu hanya, rufi uku ne a kanta. Dole a yi rami ta gefe, a bi ta gindin bangon da ke tsaye. Oga ya rage muryar oba-obarsa ya kara ta a ƙirji, yana jin Ruwan Sanyi tana tsara abin. Duk tsawon hannu ɗaya da aka tona a tsaya, Kafinta ya tokare da katako, sannan a ci gaba. Mutum uku kaɗai a cikin rami, sauran a bakin rami suna karɓar bokiti. Haushi ya turnuƙe shi. Tsawon hannu ɗaya! Ai da shi ne biyu zai ce. Wani gefen zuciyarsa ya ce masa ƙarya kake, ɗaya za ka ce, kai ka koya mata. Ya ƙi sauraron wannan gefen.

Ta bayan ginin aka fito da wasu leburori da ransu, aka fito da wani an rufe masa fuska. Duk wanda aka fito da shi sai jama'a su yi caa su taso, igiya ta mayar da su. Rana ta karkata, inuwar bangon ta miƙe ta rufe bakin ramin. Bokiti na fita, katako na shiga, Mai Usur na zaune ko ƙiftawa ba ya yi.

Can sai muryar Ƙato, yana haki. "Farar hula, na ga hannu. Yana motsi." Aka ɗan ɗauki lokaci ana jin ƙarar tsakuwa. "Na kama hannun. Tana magana. Kan keken ɗinkin ne ya tare mata kankare, amma ginshiƙi ya danne ƙafarta ta dama, daga gwiwa zuwa ƙasa." Ya sake danna oba-obar. "Wai ta ce waye Auta a cikinmu, ya daina tsayuwa ya zo ya ɗauke mata wannan abin."

Wani a cikin masu bokiti ya tuntsire da dariya, ya toshe baki. Oga ma ya yi dariyar, hawaye na zubo masa, bai damu da wa ke kallo ba. Mijin Yaya ya rungume shi yana hamdala.

"Kar a ɗaga ginshiƙin," in ji Ruwan Sanyi. "Likita zai shiga ya sa mata ruwa tukuna."

"Ruwan me kuma? A ɗaga mana!" in ji mijin Yaya.

Oga ya yi masa bayani. Ƙafar da ta daɗe a danne dafi take tarawa, in aka ɗauke nauyin farat ɗaya dafin zai kwarara ya buge zuciya, mutum ya fito yana magana ya mutu a kan gado. Sai an fara yi masa ƙarin ruwa. Yana bayanin yana sane da rabin maganar da bai faɗa ba, cewa duk daɗewar da ƙafa ta yi a ƙarƙashin nauyi mutuwa take yi.

Likita ya durƙusa a bakin ramin da jakarsa, ya sa kai ke nan, sai usur. Gajere, sau uku.

Mai Usur na tsaye, kujerarsa ta kife, yana nuna bangon da hannu. Layin allin ya rabu, gefe ɗaya ya ɗara ɗaya. Ko daga bayan igiya Oga ya ga yashi na tsiyayowa daga tsagar, labulen nan kuma ya rabu da jikin taga yana reto a iska, alamar bangon ya ƙara sunkuyowa kan ramin.

Masu bokiti suka watsar suka ruga. Likita ya ja da baya. Mutanen Kafinta suka bar guduma da ƙusa a inda suke. Amma daga cikin ramin babu wanda ya fito.

"Ƙato, usur uku," in ji Ruwan Sanyi, muryarta ba hawa ba sauka. "Fito da mutanenka."

Ta sake danna oba-oba.

"Ƙato, ka amsa."

Oba-oba ta yi ƙara, ta ɗauke, ta sake yi. "Oga," in ji Ƙato. "Oga, na san kana ji na. Hannunta na cikin nawa, ta ce kar in saki. Jak ɗin ɗagawa na nan a kusa da ni. In Likita ya miƙo min ruwan ya faɗa min yadda zan yi, kafin bangon nan ya yanke shawara mun fito da ita. Su biyun nan sun ce suna tare da ni. Kai muke jira, Oga. Ka ce mu tsaya, mu tsaya."

Duk wata oba-oba da ke wurin ta faɗi maganar nan da ƙarfi. Kawuna suka juyo bayan igiya. Kafinta, wanda har ya kai gindin mota, ya tsaya cak da katako a kafaɗa, ya soma juyawa wajen ramin. Wasu daga mutanensa suka bi bayansa, sauran suka tsaya suna duban farar hula. Likita ya sunkuya ya sake ɗaukar jakarsa. Abin da Oga ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ginawa, ga shi yana tsagewa a kan idonsa, rabi na kallonta rabi na kallonsa. In ya ce a tsaya, ba mutum uku ne za su kasance a gindin bangon ba, duk mai ƙaunarsa a rundunar sai ya koma.

Ruwan Sanyi ba ta dube shi ba. Ta sake cewa, "Ƙato, farar hula ce ke magana. Ka fito." Amma Oga ya ga ɗaya hannun nata ya damƙe bakin tebur.

Mijin Yaya ya cafki damtsensa. "Ka ce su tsaya. Auta, don girman Allah. Kalma ɗaya ce fa. Ba su da kansu suka ce sun yarda ba?"

Oga ya ciro oba-obar. Yana so ya ce su tsaya, bai taɓa son wani abu a rayuwarsa kamar haka ba. Ƙato ya sake danna tasa, sai numfashi, a bayan numfashin kuma wata murya ƙasa-ƙasa, wadda Oga zai gane ko a tsakiyar kasuwa, tana tambaya ko Auta ne a waya. Ya san matar Ƙato, ya san 'yan biyun da aka haifa masa bara, shi ya kai su gida daga asibiti a motarsa. Ya kuma san ko "ku fito" ya ce, umarni ya bayar, gobe ma a gindin wani bangon, bakinsa za su sake nema su bar hula tana magana ita kaɗai.

Ya danna. Muryar da ta fito ba irin tasa ba ce.

"Ƙato. Babu Oga a nan. Farar hula ta yi magana."

Ya murɗe oba-obar ya kashe, ya miƙa wa ɗan sandan da ke bakin igiya. "Kai mata."

Kafinta ya sauke katakon. Mutum biyun suka fito da rarrafe suka ruga. Ƙato ne na ƙarshe, fari fat da ƙura, sai layi biyu da hawaye suka wanke a kumatunsa. Ya wuce ta gaban igiya bai ɗaga kai ba, yana ta goge tafin hannunsa na dama a jikin wando.

Mijin Yaya ya saki damtsen Oga. Bai zage shi ba, da ma zagin ya yi da ya fi sauƙi. Ya matsa gefe kawai, ya bar tazarar da wani zai iya tsayawa a tsakaninsu.

Kowa ya zuba ido yana jiran bangon ya faɗi. Bai faɗi ba.

Ruwan Sanyi ta sa aka kawo mota mai ƙugiya ta bayan bangon, gefen da ba nan ya sunkuya ba. Kafinta da mutanensa suka zura ƙarafa ta tagogi, suka ɗaure da sarƙa, aka ja a hankali har sarƙar ta miƙe. Abin ya ci lokaci, ya ci, ya ƙara ci. A bayan igiya Oga kaɗai ya san abin da jiran nan ke yi wa ƙafar da ke ƙarƙashin ginshiƙi, ya tsaya da saninsa ba wanda zai gaya wa. Yashin ya daina zuba. Labule na ta kaɗawa abinsa.

"Ga bangonka nan," in ji mijin Yaya ba tare da ya dube shi ba. "Ko tsakuwa bai yar ba."

Mai Usur ya je ya ja sabon layi da alli, ya tayar da kujerarsa ya zauna, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗaga wa farar hula hannu. Kafin kowa ya koma ta sa ya busa dogo. Aka yi tsit. Ƙato ya kwanta ya kara kunne a bututun. Babu almakashi. Ya bugi bututun da guduma, ya saurara, ya sake bugawa. Babu. Oga ya damƙe igiyar da hannu biyu.

Yanzu ba shi da oba-oba, abin da kowa ke gani shi ma shi yake gani. Ya ga Ƙato ya shige ramin, Likita na biye. Ya ga an miƙa ledar ruwa, an miƙa guntayen katako. Daga nan sai bakin rami, baƙi ƙirin, da bayan Ruwan Sanyi a gaban tebur. Ya yi ta karatun bayan nan nata ko zai tsinci wani abu, ya ga ashe ya koya mata aikin da kyau, don bai tsinci komai ba. Tsoro ya kama shi irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro, ya ji bakinsa na karanto duk addu'ar da ta zo masa.

Sai ta ɗaga hannu wajen inuwar kanti. Oga ya juya da sauri, don ya san abin da jama'a ba su sani ba: in gawa ce, da tafiya ake kawo gado, in mai rai ne da gudu. Mutanen Likita suka taho da gudu.

Aka zaro ta a kan allo, an ɗaure mata wuya, ɗaya na riƙe da ledar ruwa a sama. Layin ya kaure da ihu da kabbara. Ruwan Sanyi ta tako har bakin igiya ta ce wa ɗan sanda, "A buɗe wa 'yan'uwan mara lafiya." Idonta ya yi ja. Oga ya so ya ce mata wani abu, bai san ko mene ne ba, amma oba-oba na kiranta, akwai sauran mutane a bayan ginin, har ta juya.

Mijin Yaya ya riga shi isa, yana share mata ƙura a fuska da bakin rigarsa yana kuka. Likita ya ce mutum ɗaya ne zai shiga baya da ita, ɗaya ya zauna gaba. Leɓen Yaya ya motsa, ta ce, "Auta." Mijin ya miƙe, ya zagaya ya shiga gaba.

A cikin motar Likita ya ɗaga mayafin ya duba ƙafar, ya mayar ya rufe. Ba sai ya yi magana ba. Oga ya ga ƙafafu irin wannan, ya san launin, ya san abin da ake yi musu a asibiti. Ita ce ƙafar da take taka keke da ita. Ko da an ɗaga ginshiƙin tun ɗazu za ta tsira? Likita ba zai iya rantsewa ba, shi ma haka, ya kuma san tambayar nan ta sami wurin zama a ransa.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

Muryarta ta dushe, sai da ya matso. "Na ji ka a cikin abin nan na hannun mutumin. Ka ce ba ka nan."

"Na faɗa, Yaya."

"Da ya zare hannunsa na yi ta kiranka. Na yi ta kira har almakashin ya suɓuce min."

Ya buɗe baki zai yi mata bayanin bango, da usur, da 'yan biyun Ƙato, bayanin da ya sha yi wa iyalan mutane a tsaye ba gargada. Ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Ya sunkuyar mata da kai yadda ya saba, ya kawo kunnensa kusa da hannunta. Ba ta kama kunnen ba. Ta laluba a kan mayafin har ta sami yatsunsa.

"Riƙe nan," ta ce. "Kai dai kar ka saki."

Ya riƙe da hannu biyu. Kafin a rufe ƙofar ya hango farar hula a gaban tebur tana nuna wa Ƙato bayan ginin, ya hango bangon a tsaye da labulensa, har yanzu bai faɗi ba. Direba ya kunna jiniya, motar ta tashi.